Shafin masoya a Madarunfa: a bi yawa ko a tsare bakin masu sharhi?

Da zarar an kai amfanin gona gida, sanyi ya fara shigowa, hankalin Nijar yakan koma fagen kokowa. Jihohin ƙasar takwas kowace takan fitar da 'yan kokowa goma, su tamanin su haɗu a gari guda su nemi takobin ƙasa, gasar da aka fara a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maradi ya fara ɗauka, shi ya sa filin kokowar Maradi yake amsa sunansa. Kafin a kai can sai an yi ta tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa, kuma a nan ne garuruwa irin su Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma suke fitar da nasu gwanayen. A da makaɗa da maroƙa da gidan rediyo su ne ke ɗaukar sunan ɗan kokowa su kai shi inda bai taɓa takawa ba. Yanzu wani ya shigo cikin aikin: saurayi mai wayar hannu, wanda ya buɗe shafi a Facebook ko TikTok da sunan gwaninsa, yana saka hoton atisaye da bidiyon kaye, yana kwana yana duba mutum nawa suka gani. Ba kokowa kaɗai ba. Akwai shafukan masoya 'yan wasan dandalin soyayya, da na mawaƙa, da na ƙungiyoyin ƙwallo irin Jangorzo da Ɗan Kasawa.

Gardamar da ke tsakanin masu waɗannan shafuka ba ta wuce tambaya guda ba: me ya halatta a yi don shafi ya isa ga jama'a, su danna, su yi sharhi, su tura wa wasu? Wani ɓangare yana cewa shafin da ba a gani daidai yake da wanda ba a buɗe ba, don haka duk dabarar da za ta jawo ido a yi ta. Ɗaya ɓangaren yana cewa gara mutum ɗari da suka yarda da kai da dubu goma da suka zo kallon faɗa. Ni a ganina masu neman yawa sun fi fahimtar halin da shafin Madarunfa yake ciki, amma ba su lissafa abin da yawan zai ci musu ba. Iyakar da ta dace da girman shafi ita ce iya abin da masu shi za su iya karantawa a ƙarƙashinsa, su share na sharewa, su amsa na amsawa. In ya wuce haka, shafin ya fita hannunsu, alhali sunansu ne a kansa.

A fara ba masu neman yawa haƙƙinsu, domin hujjarsu ta farko lissafi ce. Ƙididdigar DataReportal ta farkon 2024 ta nuna masu amfani da kafofin sada zumunta a Nijar ba su kai miliyan 1 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25, yayin da na Najeriya suka haura miliyan 30. Wanda ya buɗe shafi a Madarunfa ya ce mutanen garinsu kaɗai yake yi wa, to ya zaɓi ya yi magana da 'yan tsiraru, waɗanda mega ke yanke musu, rezo ke ɗauke musu, wuta ke yi musu wuya, kamar yadda kowa ya gani a Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Masu kallon suna tsallaken iyaka. Daga Ɗan Isa a faɗa Jibiya, daga Jibiya a shiga Katsina, daga nan Kano, harshe ɗaya, sha'awa ɗaya, kuma asali ɗaya, tunda sarautar Maradi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne da suka hauro arewa bayan jihadi suka kafa ta. An rufe wannan iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, motocin kaya suka tsaya, amma bidiyon kokowa bai tsaya ba ko na awa ɗaya. Ga kuma 'yan cirani a Legas, Abijan, Aljeriya da Libiya, waɗanda ƙishirwar labarin gida ke damunsu fiye da na zaune. Mai neman yawa yana cewa waɗannan mutane haƙƙin ɗan kokowar Gabi ne su san shi, kamar yadda suka san Isaka Isaka na Doso, kuma ba za su san shi ba in mai shafi ya zauna yana jiran a zo a same shi.

Hujjarsu ta biyu ita ce injin da ke rarraba abin kallo ba ya jin tausayin mai kunya. Tun 2014 kamfanin talla na Ogilvy ya auna ya ga abin da shafi ya wallafa a Facebook ba ya isa ga fiye da kimanin kashi 6 cikin 100 na mabiyansa in ba a biya kuɗi ba, manyan shafuka ma wajen kashi 2. Wato ko mutanen da suka zaɓi su bi ka da hannunsu, yawancinsu ba za a nuna musu kai ba sai injin ya ga alamar motsi a kan abin da ka saka. A gefe guda kuma, ƙofa ta buɗe wa ƙananan shafuka. TikTok ya bayyana a 2020 cewa yawan mabiya ba ya cikin abin da yake dubawa kai tsaye wajen zaɓen bidiyon da zai tura wa mutane, sannan a 2022 Mark Zuckerberg ya ce Facebook zai ninka yawan abin da yake nuna wa mutum daga shafukan da bai bi ba. Ma'anar wannan ga yaron Safo ita ce bidiyo ɗaya na kaye mai kyau zai iya zaga ƙasar Hausa cikin dare ɗaya, ko da mabiyansa ba su cika aji guda ba. Sukan ƙara da maganar kuɗi, tunda a 2024 Meta, mai Facebook, ta buɗe wa masu shafuka a Najeriya da Ghana hanyar samun rabo daga talla, kowa ya ji labarin wane ya sayi babur, wane ya gina ɗaki. A ƙauyen da aikin rani ya yi ƙaranci, ba ƙaramin abu ba ne ka gaya wa saurayi ya rufe ido ga wannan.

Daga nan ne dabarun suke fitowa, kuma sanannu ne. A jera hotunan 'yan kokowa biyu a ce wanda yake tare da wannan ya danna zuciya, wanda yake tare da wancan ya yi sharhi. A rubuta cewa duk ɗan halak ya tura wa mutum goma. A yanke bidiyo daidai inda gwanin wata jiha ya sha ƙasa, a ɗora masa kiɗan izgili. A jefa tambayar da aka san za ta tayar da jijiyar wuya: tsakanin Maradi da Doso wa ke da maza? Masu yin haka suna da kariya mai ƙarfi, kuma ita ce hujjarsu da ta fi wuyar kayarwa. Suna cewa kokowa ba a taɓa yin ta da ladabin masallaci ba. Kirari, zuga, habaici da cika baki su ne gishirinta. Makaɗin 'yan kokowa aikinsa ke nan ya ɗaga nasa ya ƙasƙantar da na wasu, haka mawaƙan dambe suka yi a ƙasar Sakkwato da Zamfara, jama'a kuma suka so abin har ya zama tarihi. In an yarda maroƙi ya zuga fage da bakinsa, don me za a hana yaro ya zuga shafi da yatsansa?

Kafin a amsa wannan, akwai dabaru biyu da ba sa buƙatar doguwar muhawara, don ko a ma'aunin masu neman yawa asara ce. Ta farko sayen mabiya. Jaridar New York Times ta tona asirin wani kamfani mai suna Devumi a farkon 2018, wanda ya sayar wa fitattun mutane miliyoyin mabiyan bogi, kuma har yau akwai masu wannan sana'a a kowane lungu na intanet. Matsalar ita ce injin yakan fara gwada abin da ka wallafa a kan kaɗan daga mabiyanka, in sun motsa ya ƙara, in sun yi shiru ya binne shi. Asusun bogi ba ya kallon kokowa. Wanda ya cika shafinsa da su ya biya kuɗi ne don a rage masa masu gani, ga shi kuma Meta na share irin waɗannan asusu da ɗaruruwan miliyoyi a kowane wata uku. Ta biyu roƙon danne-danne, irin su "rubuta amin" da "tura wa goma". Tun Disamban 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne shafukan da ke yin haka. Ban da wannan, rantsar da mutane da sunan Allah ko da darajar iyayensu don su danna maɓalli abin kunya ne, ko injin ya hukunta ko bai hukunta ba.

Abin da ya rage, wato zuga rigima tsakanin masoya, shi ne ainihin wurin gardama, domin shi kam yana aiki. Mun san dalilin da ya sa yake aiki, tunda takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna shi. A Janairun 2018 kamfanin ya sauya tsarin rarraba abin kallo, ya ce yana son fifita hulɗa mai ma'ana tsakanin mutane. A lissafin da aka ɗora injin a kai, kamar yadda jaridar Wall Street Journal ta ruwaito, danna alamar so maki 1 ne, alamomin fuska irin na dariya ko fushi maki 5, sharhi mai tsawo kuwa har maki 30. Ba sai an yi dogon tunani ba a gane abin da ke sa mutum ya zauna ya rubuta dogon sharhi da ƙarfe ɗayan dare. Yabo gajere ne, ramuwar zagi ce ke da tsawo. Ma'aikatan kamfanin da kansu sun gano abubuwan da suka fi tara alamar fushi sun fi yawan ƙarya da cin mutunci, har aka rage wa alamar maki zuwa sifili a 2020, kuma wasu jam'iyyun siyasa a Turai sun gaya wa kamfanin cewa sauyin ya tilasta musu tsananta harshe don a gan su. An yi ta gyara lissafin tun daga lokacin, amma tushen yana nan: abin da ya tsayar da mutum ya sa shi magana, shi ake turawa gaba. Saboda haka mai shafin da ya ga bidiyon izgilinsa ya ninka na atisaye sau goma, kada ya ɗauka ya gano abin da masoya kokowa suke so. Abin da ya gano shi ne abin da injin yake biya.

Yanzu a koma ga hujjar maroƙi. Gaskiya ne zuga tsohuwar al'ada ce, amma zugar fage tana da shinge ta kowane gefe. Maroƙi sananne ne, an san gidansu, an san ubangidansa, in ya wuce gona da iri akwai sarkin makaɗa da dattawan da za su kira shi. Habaicinsa yana da ƙa'ida: a taɓa ƙarfin mutum da dabararsa da tsoronsa, a bar uwarsa da asalinsa. Sannan zugar tana da ƙarshe, domin alƙalin wasa zai busa, wani ya faɗi, wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya ɗaga abokin karawarsa, su rungumi juna a gaban dubban mutane. Wannan rungumar ita ce abin da hukumomin Nijar suke nunawa duk shekara in suna cewa kokowa igiyar haɗin kan ƙasa ce. A ƙarƙashin bidiyo babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai zagin yana iya zama yaro ɗan shekara goma sha huɗu da sunan aro da hoton zaki, ba alƙali, ba lokacin tashi, kuma maganar da ta fara daga wane ya fi wane ƙarfi takan gangara cikin sharhi ashirin ta zama Hausawa da Zabarmawa, ko 'yan Nijar da 'yan Najeriya. Masana'antar fim ta Kano ta ɗanɗana wannan. Saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango na 2019, wanda ya kai har gaban kotu kafin a sulhunta su, zage-zagen magoya baya a kafofin sada zumunta na cikin abin da ya hura shi. Masoyan sun tara sharhi da mabiya, su kuwa taurarin da ake cewa ana ƙauna su suka kwashi ɓacin ran.

Akwai kuma doka, wadda mai shafi a Nijar ba shi da damar yin kamar bai san da ita ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, an cire ɗaurin aka bar tara, sai kuma a Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai iya tayar da hankalin jama'a. Wanda yake ganin wannan ya shafi abin da ya rubuta da hannunsa kaɗai, ya tuna da 'yar jarida Samira Sabou. A Yunin 2020 aka kama ta a Yamai bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya shigar da ƙarar ɓata suna kan wani rubutu da ta yi a Facebook game da binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro. Ita ba ta ambaci sunansa ba, wani mai sharhi ne ya ambata a ƙarƙashin rubutun. Kotu ta sallame ta a ƙarshen Yuli, bayan ta shafe kusan mako bakwai a tsare. Ƙwararriya ce, tana da lauyoyi da ƙungiyoyin duniya a bayanta, abin da yaron Sarkin Yamma ba shi da shi. Duk manomin Madarunfa ya san hukuncin garken da ya fi ƙarfin makiyayinsa: in shanu suka faɗa gonar mutane, ba a tambayar wace saniya ce ta fara, mai sanda ake kamawa ya biya ɓarna. Mai shafin da ya tara mutum dubu hamsin da zuga, alhali shi kaɗai ne da waya ɗaya mai mutuwar batir, wannan halin ya jefa kansa.

Yankin kansa yana ƙara wa maganar nauyi. Kudancin jihar Maradi, daga Gabi zuwa dajin Baban Rafi har bakin iyaka, ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suke shigowa jihar. A irin wannan wuri jita-jita ba abin wasa ba ce. Shafin da ya girma da kokowa, watanni goma na shekara ba shi da takobin da zai yi magana a kai, kuma jarabar da ke jiransa ita ce ya cike gurbin da labarin hari, don ba abin da ke gudu a waya kamarsa. Binciken da BBC ta yi a 2018 kan rikicin jihar Filato ya nuna yadda hotunan gawarwaki da aka ɗauko daga wasu wurare, har da wata ƙasa, aka ce na Filato ne, suka zaga Facebook suka taimaka wajen tunzura kashe-kashen ramuwa. Mai shafin masoya ba ɗan jarida ba ne, ba shi da hanyar tantance hoton da aka turo masa da tsakar dare, amma mabiyansa sun saba yarda da shi saboda bai taɓa yi musu ƙarya kan sakamakon kokowa ba. Da wannan yardar ƙaryar za ta shiga gidaje, a kuma yankin da manomi da makiyayi suke shan ruwan rijiya ɗaya.

Masu neman yawa suna da martani, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa wannan duk wa'azin tsoro ne, kuma tsoro bai taɓa gina komai ba. Suna cewa dokar da ake tsorata su da ita ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun yi tir da ita a matsayin makamin rufe baki, to yaya za a mayar da ita ma'aunin ɗa'a? Suna kuma nuna cewa a farkon 2025 ministan sadarwa na Nijar ya yi maganar neman lasisi ga rukunonin kafofin sada zumunta da suka haura mutum 50, wanda in aka bi wannan hanya ko rukunin 'yan fada ɗaya ba zai tsira ba. Na yarda da su a kan dokar. Ɗaure mutum shekaru kan magana ya yi tsanani, kuma lafazin tayar da hankalin jama'a yana da faɗin da kowane mai iko zai iya shigar da wanda ya ga dama. Sai dai rashin adalcin doka ba ya rage kwanan da mutum zai yi a gidan kaso, kuma in za a ɗauki kasadar ɗauri, a ɗauke ta kan maganar da ta cancanta, kada a ɗauke ta kan zagin da wani baƙo ya yi wa mahaifiyar ɗan kokowar Tawa. Na kuma yarda cewa shafin da ya koma sanarwa zalla, ba raha ba tsokana, zai mutu, kuma ya cancanci mutuwa. Wasa tsakanin jihohi yana da daɗi, kamar wasan Katsinawa da Gobirawa ko na taubasai, wanda kowa ya san iyakarsa. Ana iya tambayar wa zai ɗauki takobi bana, a yi cika baki, a yi dariyar wanda hasashensa ya faɗi. Sharaɗin kawai a sami wanda yake zaune a kan sharhin lokacin da ake yi.

Sai batun kuɗi, inda nake ganin masu neman yawa suka fi ruɗin kansu. Nijar ba ta cikin ƙasashen da Meta ta buɗe wa rabon talla a wancan zagaye na 2024, kuma ko inda aka buɗe, abin da ake biya ya danganta da ƙasar mai kallo da abin da masu talla suke kashewa a kansa. Kallo dubu daga Maradi ko Katsina ba ya kawo abin da kallo dubu daga Amurka ko Faransa yake kawowa, ko kusa. Kuɗin da shafin Madarunfa zai iya gani da idonsa na kusa ne: mai shagon waya a Maradi da ke son a ambace shi, mai sayar da zogalen Jiratawa, mai shirya gasar sallah da ke neman a cika masa fili, ɗan cirani da zai turo jika biyar ta Nita ko Amana don a saya wa gwanin garinsu buhun gero lokacin atisaye. Duk waɗannan mutane sun san mai shafin ko sun san wanda ya san shi, kuma ba ɗayansu da zai so sunansa ya fito a saman zage-zage. Haka nan ƙididdigar da na kawo a baya ba ta lissafa WhatsApp ba, alhali nan ne mutanen karkara suke. A ƙasar da manyan da ke iya karatun boko ba su kai rabi ba, saƙon murya da gajeren bidiyo su ne jarida. Bidiyon da aka sauke aka tura rukunin 'yan gari, ko waya ɗaya da samari takwas suka kewaye a fada ana shan shayi, duk a allon mai shafi mutum ɗaya ne ko ma babu. Wanda yake auna kansa da lambar da ke kan allo zai yi ta bauta wa baƙin da ke nesa, ya manta da mutanen da in gwaninsa zai yi wasa su ne za su hau kabu-kabu su je.

To ta ina shafin zai girma in an ajiye zuga? Ta abin da ba wanda yake da shi sai shi. Wasan ƙarshe na takobi gidan talabijin na ƙasa yana nuna shi, shafuka ɗari za su kwafa cikin minti biyar, ba abin da yaron Madarunfa zai ƙara a kai. Amma kokowar dandali bayan girbi a ƙauyukan Gabi, da zaɓen gwani na ƙaramar hukuma, da hira da tsohon ɗan kokowar da ya yi zamani da su Kantu, da yadda ake ɗaura laya da warki kafin shiga fage, ba mai ɗaukar su in shi bai ɗauka ba. Garin ma yana da abin nunawa, ga tafki da masuntansa da tsuntsayensa, ga kaburburan waliyyai 99 da Nijar ta shigar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Sauran kuwa sana'a ce da ake koya: bidiyo gajere mara nauyi don mai mega kaɗan ya iya buɗewa, kayen ya zo a daƙiƙun farko, bayani da murya cikin Hausar yankin, wadda kundin mulkin da aka kafa a 2025 ya ɗaga ta zama harshen ƙasa, a saka da dare bayan isha lokacin da fada ta cika, a rubuta sunan shafin a jikin bidiyon don ya bi shi cikin WhatsApp, a nemi izinin ɗan kokowar kafin a yi magana da sunansa. Biyan kuɗin talla don a kai bidiyo ga mutanen Maradi da Katsina ma ban ga aibinsa ba, tunda mutane na gaske ake kai wa, kuma mai shafi shi ke zaɓen yankin. Wannan hanya ta fi jinkiri, kuma wanda ya bi ta zai ga shafin maƙwabcinsa mai izgili ya wuce shi a lamba, watakila har abada. Game da tsaron sharhi kuwa, Facebook yana ba mai shafi damar naɗa mataimaka, da tace kalmomin da ba ya so su bayyana, da taƙaita masu sharhi a kan rubutu guda. Kafin daren wasan ƙarshe, lokacin da sharhi ke zuwa ɗari-ɗari, ya kamata a ce mutum uku ko huɗu sun raba sa'o'in a tsakaninsu, ɗaya daga cikinsu yana jin Zabarmanci da Faransanci, domin zagin da zai jawo ƙara ba lallai ya zo da Hausa ba.